Cikon da Baba Manu Ya Yi wa Gwamnati

Yaran da ake turo mana gidan gona yanzu, da takardunsu a hammata da wando mai faɗin ƙafa, in ka tambaye su aikina sai su ce ai Malam Haladu mai ɗaura wa buhu kwali ne. Haka ne, ban musa ba. Shekara ashirin ke nan ina ɗaura wa buhu kwali, kuma har yau ba a ƙara mini girma ba, don a aji huɗu karatuna ya tsaya. To ku zauna ku ji abin da kwalin nan yake riƙe da shi, in ya so wanda ya ga da sauƙi, ga basilla ga igiya.

Aikinmu gwajin irin gyaɗa ne. Masu bincike a babbar tasha za su aiko da iri kala takwas ko goma, babu suna, sai lamba. Mu kai gonakin mutane a Roni, Gwiwa, Ɓaɓura da 'Yankwashi, a yanka fili ƙanana-ƙanana, kowane iri da filinsa da turkensa. Da kaka a cire, a shanya, a tsinke, kowane fili da buhunsa. A auna, a rubuta, a aika. Irin da ya fi, shi gwamnati za ta yawaita ta raba wa manoma. Saboda haka duk lambar da mai bincike yake gani a takardarsa, dole ta iya komawa gida da ƙafarta: daga takarda zuwa littafin awo, daga littafi zuwa kwalin buhu, daga buhu zuwa turke, daga turke zuwa gonar wane ɗan wane. In ta ɓace a hanya, to ba sakamako ba ce, hira ce ta bakin kasuwa.

Aikin farko da aka ba ni a Roni ne, shekara guda bayan samun mulkin kai. Ubangidana Mista Bitrus, mutumin kudancin Zariya, gajere ne mai ƙaton kai, kullum da fensir a bayan kunne, har coci da shi yake zuwa. Ya miƙo mini kwalaye ya ce in rubuta lambobi. Ni kuwa na sayi sabon alƙalami mai tawada, ina so leburori su san ni ba tsaransu ba ne. Na zauna na yi rubutu mai lanƙwasa, na ɗaura. Washegari da muka zo, raɓa ta wanke buhu uku tas, sai shuɗin tabo kamar an zubar da baban rini.

Mista Bitrus ya ɗaga kwali ɗaya ya ce, "Haladu, karanta mini."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na tuna. Wannan uku ne, wancan shida."

"Ka tuna?"

"Wallahi na tuna."

"To madalla. Sai mu cire kanka mu sa a mota mu aika tasha, su buɗe su duba."

Leburori suka kwashe da dariya. Ya kira su ya ce su ɗauke buhu ukun nan su kai wa matansu a yi ƙuli-ƙuli, gyaɗar da ba ta san ubanta ba ba ta da wani amfani sai wannan. Aikin damina guda ke nan ya tafi kasko. Sannan ya sa na rubuta a littafi da hannuna cewa fili uku sun rasa asali, laifin Haladu. Muka ci ƙulin tare da shi, har yana cewa tawadata ta yi daɗi.

Daga ranar na san kayan aikina. Fensir, don ruwa ba ya cin sa. Kwali biyu ga kowane buhu, ɗaya a wuya ɗaya a ciki, saboda akuya ba ta san darajar bincike ba. Basilla da igiyar rama. Sikeli mai ƙugiya da ake ratayawa a reshen bishiya. Sai littafi mai baƙin bango, wanda ba a gogewa a cikinsa. In ka yi kuskure ka ja masa layi ɗaya yadda za a iya karanta shi, ka rubuta daidai a gefe, ka sa sunanka. Mista Bitrus yakan ce mai goge rubutu da mai share sawu da tsintsiya sana'arsu ɗaya.

Manoma kuwa, Allah ya saka musu, amma sai ka yi da gaske. Wani a 'Yankwashi ya cire turken lamba biyu ya ɗaure tunkiya, da ya gama ya mayar da shi inda ya ga ya fi kyau. Wani ya ga fili ɗaya ya yi rauni ya ji tausayinsa, ya zuba masa taki shi kaɗai. Shi ya sa ban yarda da turke ba. Kowace gona sai na zana ta a littafi, ga tsamiya, ga shuri, ga hanyar rijiya, taku kaza daga nan zuwa nan. Turke yana tafiya, tsamiya ba ta tafiya.

Haka muka yi ta yi har kuɗin mai ya shigo. Abokan aikina suka watse, wannan ya tafi Kano kamfani, wancan ya zama ɗan kwangila yana wuce ni a babur yana ɗaga mini hannu. Aka bar ni da gari huɗu, keke ɗaya, sikeli ɗaya. A cikin wannan hali fari ya zo ya wuce, mutane ba su gama miƙewa ba sai ga kuturtar gyaɗa. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Ganye ya murɗe ya yi rawaya, shuka ta tsuguna ta ƙi tashi, ka cire ka ga ba komai a gindi sai saiwa. Mutane suka rasa ta sayarwa, suka rasa ta miya, abin da ya fi muni suka rasa iri. Duk inda na bi da kekena tambaya ɗaya ce: "Malamin gona, me za mu shuka baɗi?"

A shekarar iri takwas muka gwada. Na Ɓaɓura da na 'Yankwashi sun mutu ƙurmus, babu abin aunawa. Saura Roni da wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, gonar Baba Manu. Bafulatani ne da ya zauna ya kama noma, dattijo mai fara'a, wanda in ka je gidansa ba ka sha fura ba to faɗa ne. Na tsinke gyaɗar gonarsa, na zuba kowace a buhunta, na sa kwali, na ɗinke. Amma sikeli yana Roni, motar da za ta kwashi kaya kuma ba ta zo ba. Sai na jera buhunan a zaurensa na ce amana, na hau keke. Kwana huɗu suka yi a can kafin mota ta kai su sito a Kazaure, inda aka auna ba na nan. Wannan ganganci ne, kuma nawa ne. Doka ita ce ba ka rabuwa da buhu sai ka san nauyinsa.

Bayan wata biyu sai ga Dakta da kansa, mai binciken da ke kula da gwajin, saurayi ne da bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Ya diro daga mota yana washe baki, ya rungume Mista Bitrus, wanda a lokacin ƙafa ta hana shi yawo an mayar da shi kula da sito. Ya ce an samu! Lamba biyar ta jure cutar. A Roni ta ɗan taɓuka, a Gwiwa kuwa ta ninka sauran. Ya riga ya gaya wa manya, za a yawaita ta da rani a fadama, a raba wa manoma kafin ruwa ya sauka. Har kaji ya sa aka gasa mana.

Na ci kazar, ba zan yi ƙarya ba. Amma tana tsaya mini a wuya, don na san fili na biyar a gonar Baba Manu. Da Dakta ya tafi masauki na buɗe littafina. Ga rubutuna na watan takwas: biyar ta murɗe, ta fi kowa. Ga na ranar tsinka: biyar ba ta kai rabin buhu ba. Na buɗe littafin awo na sito, biyar buhu cike har da ɗoriya. Na nuna wa Mista Bitrus. Ya ɗauko makullin sito.

Nan ne amfanin tsohon nan. Shi ba ya yarda a taɓa buhun gwaji sai rahoto ya fito an buga, ko da ɓera zai kai ƙararsa. Buhunan suna nan a jere kan katako. Muka jawo na biyar. Kwalin wuya nawa ne, rubutuna ne. Amma ɗinkin ba nawa ba ne. Ni bahago ne, ɗinkina daga dama yake farawa ya ƙare a hagu, wannan kuwa na mai hannun dama ne, kuma da kaba aka yi, ba rama ba. Sauran bakwai duk ɗinkina ne. Muka farke, muka ɓare ta sama: ƙanana, jajaye, masu cika kwanso. Na zura hannu har ƙasa na ɗebo: manya, farare-farare, rabinsu fanko. Gyaɗa biyu a buhu ɗaya.

Mista Bitrus ya dube ni ta saman tabarau. "Kwana nawa ka bar su?"

"Huɗu."

"Ba awo?"

"Ba awo."

"Kai za ka faɗa wa Dakta, ko ni?"

Na ce ya ba ni yini ɗaya in san abin da zan faɗa. Ku gane, in na yi shiru ba mai sani. Dakta ya sami suna, ni na tsira da aikina. Sai dai mutanen da suka rage da ƙarfin damina ɗaya tak za a ba su irin da na gani da idona yana mutuwa, su shuka da bismilla.

Da sassafe na ɗauki keke sai Gwiwa. Na tarar da Baba Manu a gindin tsamiya yana tufka igiya. Muka gaisa, gida, shanu, gajiya, aka kawo fura na sha. Sannan na zaro jajayen nan daga aljihu na shimfiɗa a tabarma.

"Baba, ka san waɗannan?"

Ya leƙa, ya yi murmushi har kunne. "Sun isa lafiya ke nan. Gwamnati ta ji daɗi?"

"Baba, kai ka buɗe buhun?"

"Ni na buɗe, ni na ɗinke. Ka ga ɗinkin ai, ba ka isa ka yi irinsa ba."

"Don me, Baba? Na ce maka amana!"

Sai fuskarsa ta canza. "Kai ɗan nan, ka iya bakinka. Na ɗauki ƙwaya ɗaya? Ƙarawa na yi! Baƙo ya zo ya ajiye shukarsa a gonata, in sallame shi da buhu a lanƙwashe kamar tsohuwar jaka? Sauran bakwai ko ba komai sun tsaya da gindinsu. Wannan kullum na shiga zaure sai in gan shi a kwance, har abinci ya daina yi mini daɗi. A kai birni a ce daga gonar Manu ya fito? Mai sayar da gishiri ma yana yin gyara, balle ni."

Dariya tana cina, haushi yana cina. Na yi masa bayani da misalin da zai shige shi. Na ce in ya aika a duba masa saniya takwas don a san wacce ta fi nono, sai mai tatsa ya ji tausayin ramammiyar ya ƙara mata daga ƙwaryar wata, shi kuma ya sayar da bakwai ya riƙe ta, yaya ke nan? Ya ja gemu. Can ya ce, "Subhanallahi. Ashe na kusa kashe mutane da alheri."

Har na miƙe zan tafi sai wata tambaya ta faɗo mini, wadda ya kamata in fara da ita. A shekarar da kowa ya rasa iri, ina Baba Manu ya sami gyaɗar da zai yi kyauta da rabin buhu?

Ya ce, "Ai ba tawa ba ce, ta tsohuwa ce. Hari! Zo malamin gona yana tuhumarki."

Inna Hari, matarsa, ta fito tana gyara mayafi. Ta ce ita ba ta san wata tuhuma ba, gyaɗarta dai an ɗiba ba a tambaye ta ba, kuma tana jiran ranar da za a biya ta da godiya. Ta kai ni bayan gida ta nuna mini ɗan filinta da harawar a kan rumfa, kore shar. Ta ce tiya ɗaya goggonta ta ba ta, shekara uku da suka wuce, da ta je suna wani ƙauye a tsallaken iyaka, arewa da Ɓaɓura. Ƙarama ce, 'yan kasuwa ba sa so, amma tana saurin nuna. Kafin cutar ta yi ƙarfi ita ta riga ta zuba 'ya'ya. Na zauna a kan turmi na rubuta duka: sunanta, sunan goggon, ƙauyen, yaushe ta shuka, yaushe ta cire, a cikin me take ajiye iri. A tulu ne, da toka.

Washegari na sami Dakta na zuba masa gyaɗa biyu a kan tebur, na ajiye littafi biyu a gefe. Na faɗi laifina da bakina. Ya yi faɗa da Hausa, da ta ƙare masa ya koma Turanci. Ya ce na sa zai je gaban manya ya lashe abin da ya faɗa. Na ce, "Ranka ya daɗe, gara ka lashe a ofis da mutane su lashe a gona." Mista Bitrus ya taka mini ƙafa. Aka ba ni takardar gargaɗi, tana nan a fayil ɗina har gobe, kuma duk lokacin ƙarin girma sai an zaro ta an karkaɗe. Amma in faɗi gaskiyar Dakta, bayan ya huce ya ɗauki ja ɗaya ya tauna, ya karanta abin da na rubuta a kan turmi sau biyu, ya ce a kawo mota. Ya janye maganar lamba biyar a ranar. Ya je ya durƙusa gaban Inna Hari ya roƙi tiya huɗu, ta ba shi uku.

Ba a raba komai ba a shekarar, kuma mun sha zagi a kasuwanni. Ita ma ja ba a yarda da ita don labarin tsohuwa ba, sai da ta shiga layi kamar kowa, aka ba ta lamba tara, aka gwada ta damina biyu a gari huɗu. Biyar ta sake mutuwa a uku daga ciki. Tara ba ta yi abin mamaki ba, ba ta cika rumbu ba, amma ko'ina ta ba da abin da mutum zai ci ya ajiye iri. Baba Manu kuwa ya zama ɗan sandan gwaji. Ranar tsinka yakan zauna kan buhuna da sandarsa, ko jikansa ya matso sai ya daka masa tsawa: "Kar ka taimaki gwamnati! Bar ta ta ga halinta!"

Rahoto ya fito da Turanci, da bango mai sheƙi. Na sa aka karanta mini. An ba gyaɗar suna na haruffa da lambobi, aka ce an samo ta daga wani manomi. Wani manomi! Babu Hari, babu Manu, Haladu kuwa dama wa ya aike shi. Mutanen da suka koya mana cewa kowace lamba sai ta san gidansu, su ne suka kai tasu bakin ƙofa suka tsaya. To su suka san wannan. Kwalin cikin buhu dai ni nake rubutawa, kuma ba wanda ya hana ni.

Ranar da aka fara rabo, ƙauyen Baba Manu ya cika da jakuna da kekuna, mata suna guɗa kamar an kawo amarya. Na ɗauki buhun farko a kafaɗa na kai ƙofar Inna Hari na sauke. Ta zagaya shi, ta farke bakin, ta ɓare ɗaya ta tauna.

"Ita ce. Ta je birni ta dawo da takarda a wuya kamar Alhaji. Me aka rubuta?"

Na zaro kwalin ciki na karanta mata: irin Hari matar Manu, ƙasar Gwiwa, daga hannun goggonta Dije, tsallaken iyaka.

Baba Manu ya ce, "Ka ji, ni a mijin Hari na ƙare."

Ta ce, "Da can a me kake?" Sannan ta juyo gare ni. "Amma ɗan nan, rubutunka bai cika ba. Ai Goggo Dije ma ba ita ta haife ta ba. Wata Babarbariya ce mai sayar da kanwa ta ba ta, shekarar da rijiyarsu ta rufta."

"Inna, shekara biyu ina zuwa gidan nan, ba ki taɓa faɗa mini ba!"

"Ka tambaya? Ka ce wa ya ba ni, na faɗa maka. Ba ka ce wa ya ba ta ba."

"Babarbariyar tana da rai?"

"In ba ta mutu ba. Kasuwar Ɓaɓura take ci, tana da haƙorin azurfa."

Na duba rana, na duba tayar kekena. Na zauna a kan turmin nan, na buɗe littafina, na ja layi ɗaya a ƙarƙashin sunan Dije, na ce, "To Inna, a hankali. Yaya sunanta?"